Tsohon Sito, A Fasa

Haƙoran katafila sun riga sun ciji kusurwar tsohon siton auduga lokacin da Injiniya ta diro daga jirgin ƙasa. Taku arba'in ne tsakanin tasha da siton. Ta cinye su a guje, takalmi ɗaya a hannu, ta sha gaban katafilar ta tsaya ƙyam.

Direban ya taka birki ya leƙo. Ƙanin mahaifiyarta ne, shekara talatin yana aikin rusau.

"Ke 'yar nan, kin gaji da duniya ne? Me zan gaya wa uwarki?"

"Kawu, kashe injin."

Shekara biyu ta yi tana zanen ginin nan: shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama, yadda mutum zai fito daga ɗakinsa ya hau jirgi shayinsa bai huce ba. Jiya-jiya Daraktan ma'aikatarsu ya amince kada a rushe shi, a bar mata ta gyara.

Kawu ya sauko yana kaɗa waya. "Ni da umarni na zo. Karanta."

Saƙon Darakta ne, kalma huɗu: Tsohon sito, a fasa.

"To, ga shi ina fasawa."

Dariya ta kusa ƙwace mata. "Kawu, fasa ta tulu ka karanta. Shi fasa ta tafiya yake nufi."

"Rubutun ai ɗaya ne."

"Bakin ba ɗaya ba ne."

Ta kira Darakta, ta buɗe muryar wayar don kowa ya ji. "Ranka ya daɗe, karanta mana saƙonka da bakinka."

"Cewa na yi a faasa," in ji Darakta, ya ja kalmar kamar mai talla. "Lafiya?"

"Lafiya lau, jan bulo tara ne kawai suka zube."

Kawu ya sosa ƙeya. "Da ya ce a bari, bakinsa zai yi ciwo?"

Injiniya ta zura hannu cikin ɓarakar, ta ƙwanƙwasa ginshiƙi. Ko gezau.

"Nan za a yi ƙofa mai kallon tasha. Ka rage wa magina aiki, Kawu."

"Shi za ki gaya wa uwarki."

Yana juya katafila wata dattijuwa ta fito daga tasha da sanda. Ba ta kalli kowa ba. Ta nufi ƙaramar ƙofar ƙarfe ta gefe, wadda ta gagari duk maƙeran unguwar, ta kwance mukulli daga bakin mayafi ta murɗa. Ƙofar ta buɗe.

Sannan ta waiwayo. "Wa ya taɓa mini ginin mahaifina?"