Rediyon Korar Kaji

Shekara ashirin da shida ke nan da Huseina ta haifi ɗanta na fari, amma bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Haka ta taras ana yi a gidansu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Da aka yaye shi ma, Fanta ƙanwar mijinta ce ta ɗauke shi ta raina, a gidan da danga ɗaya ta raba su a Zurgu. Duk duniya Uzairu take ce masa. Huseina kuwa "wancan" take cewa, in ta matsu ta ce "yaron Fanta".

To, ranar Laraba yaron Fanta ya cika wata uku yana gwaji a gidan rediyon da ke Rano, kuma a ranar za a yanke, ko a riƙe shi ko a sallame shi. An danƙa masa tashar tun daga buɗewa har la'asar, shugabar shirye-shirye na zaune tana saurare. Ba Huseina aka gaya wa ba. Ta dai ji ta danga, Fanta na shelanta wa maƙwabta.

An kwana ana ruwa, gari ya waye tas. Mijinta Mato na fita gona, Huseina ta shimfiɗa tabarma ta shanya gero, ta ɗauko rediyonsa ta rataye a jikin danga, ta murɗa.

"Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da asuba, barkanmu da ni'ima."

Muryar ta shige ta har ƙashi. Ita ce muryar da ta taɓa ji tana kuka a bayan Fanta, ta danne zuciyarta ta ƙi juyawa. Yau ga ta ta yi kauri, ta yi zaƙi, tana gaida ƙasa baki ɗaya.

Fanta ta leƙo. "A'a! Matar Yaya, yau rediyo ake ji?"

"Kaji nake kora. In suka ji magana ba sa zuwa kan gero."

"Ikon Allah! Ga kaza can a tsakiyar tabarma, ko kurma ce?"

Huseina ta wurga mata mafici, kazar da Fanta suka kauce tare.

Haka yinin ya tafi. Bayan karatun Alƙur'ani ya karanta labarai, tana tatsar saniya, ba ta ankara ba har ƙwarya ta kusa tumbatsa. Da ya shiga sanarwar ɗaurin aure da cigiya tana kaɗa nono, ya karanto cigiyar wani jaki daga Unguwar Gai da aka ce yana da "fuskar mutunci", ya kasa riƙe dariyarsa, ita ma ta toshe baki da gefen zane. Aka yi shirin mata, aka yi na lafiya, aka yi muhawara kan gyaran hanya, dattawa biyu suka kusa cinye juna, ya raba su da lafazi mai laushi. Duk sa'ad da ya yi tuntuɓen harshe sai ludayi ya tsaya a hannunta, in ya wuce ta sauke numfashi. Gero ya bushe tun hantsi, ba ta kwashe ba.

Bayan azahar aka shiga Zauren Makiyaya, shirin da likitan dabbobi ke amsa tambayoyin masu kira. Nan ta ji muryar ta canza. Ya ce rafi ya cika ya tare likita a hanya, a yi haƙuri, yana tafe. Minti talatin ne a gabansa, shi kaɗai. Kuma Huseina ta san abin da shugabarsa ba ta sani ba: Fanta a makaranta ta raini yaron nan, bai san saniya ba sai a ƙwaryar fura.

Kira na farko ya shigo. "Malam Bello ne daga Nariya. Don Allah ku taimake ni! Saniyata ta kutsa gonar dawa sabon tsiro, cikinta ya kumbura kamar ganga, tana neman kwanciya."

"Subhanallah. To, Malam Bello... Allah ya sawwaƙe. Likita na hanya. Wato... a ɗan..."

Sai shiru. Shiru a rediyo, irin wanda ake jin motsin takarda. Huseina ta ji kamar ita aka tsayar a tsakiyar kasuwa. Ba ta san sa'ad da ta isa danga ba.

"Fanta! Kawo wayarki. Buga musu."

"Kajin ne za su yi magana?"

"Saniyar mutum za ta mutu kina surutu!"

Fanta ta buga. Aka ɗauka. Wani ƙara ya tashi, ƙiiii.

"Salamu alaikum, a ɗan rage muryar rediyon da ke kusa," in ji Uzairu.

Fanta ta rage tana ƙyaƙyata dariya. Huseina ta karɓi wayar ta ce, "Wa alaikumus salam. Da mai saniya nake son magana."

Ya gane. Ta ji ya gane, don numfashinsa ya tsaya. Tun da yake, ba ta taɓa kiransa a waya ba.

"Daga ina ake magana?" ya ce a hankali.

"Daga Zurgu."

"Sunan mai magana fa?"

"Mai shanu ce. Malam Bello, kana ji? Kada ka bari ta kwanta. Ja ta kan tudu, ƙafafun gaba su fi na baya tsawo. Ka sami man gyaɗa a kwalba ka ɗura mata ta gefen baki, sannu sannu. Ka gitta mata sanda a baki ta riƙa tauna, kana murza mata cikin ta hagu. Kuma yanzu yanzu ka tura mai babur ya ɗauko malamin dabbobi, kada ka tsaya a kan maganata kaɗai."

"Inna mai shanu, kada ki kashe," in ji Uzairu. Adda, wato yaya, yake ce mata tun yana ƙarami, yadda ya ji Mato da dangi na faɗa wa yara. Yau a gaban duniya ya ce Inna, kamar yadda zai ce wa kowace dattijuwa, ba mai iya kama shi da laifi. Muryarsa ta dawo daram. "Jama'a, likita bai iso ba, amma Allah ya kawo mana wadda ta tashi a cikin garke. Layi na biyu a buɗe yake."

Kira ya yi ta shigowa. Wani ɗan maraƙinsa ya ƙi shan nono, wata kaska ta addabi tumakinta. Shi yana tsara tambaya, yana maimaita amsa dalla dalla, inda abin ya fi ƙarfinta ya rubuta ya ce sai likita ya zo. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta yi magana da shi kai tsaye ba. "A gaya wa mai tambaya," take cewa. Ana saura kaɗan a rufe Malam Bello ya sake kira yana haki: saniya ta yi gyatsa, ciki ya fara saki, malamin dabbobi ya iso.

"Alhamdu lillahi," in ji Uzairu. "Inna, al'adar shirin nan, baƙo ba ya tafiya sai ya yi gaisuwa. Wa za ki gaisar?"

Fanta ta dafe ƙirji ta zuba mata ido. Sunan na nan a kan harshen Huseina, inda ya shekara ashirin da shida yana zaune. Ta haɗiye shi.

"Ina gaida mai shirin nan," ta ce. "A gaya masa ana jinsa a gida. Tun asuba ake jinsa."

"Ya ji, Inna. Ya gode," in ji Uzairu.

Da la'asar wata murya ta mace ta karɓi tashar, ta karanto shirye-shiryen gobe ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe ta ce, "Mai buɗe muku tasha gobe da jibi da gata, shi ne sabon ma'aikacinmu, Uzairu Mato. Kuma muna roƙon mai shanu ta Zurgu ta riƙa leƙo mu duk Laraba."

Fanta ta rangaɗa guɗa har tantabaru suka tashi. Huseina ta durƙusa tana kwashe gero, tana share ido da bayan hannu.

"Kuka kike, matar Yaya?"

"Hayaƙi ne."

"Ko wuta ba ki hura ba!"

Huseina ta miƙe da ƙwarya a ka, ta dubi rediyon, ta gyara masa rataya.

"Bar shi nan," ta ce. "Gobe ma akwai shanya."