Ƙwaryar Inna Zaliha

"Buɗe mata baki, ke dai. Ɗiya ta haihu ba ta san riƙon ɗiya ba."

Inna Zaliha ce ke faɗa, tana kwance, ƙaramin ludayi a hannunta. Lai'atu ta matse kumatun ɗiyarta Nasara, tsohuwa ta zuba mata kindirmo. Rabi ya shiga, rabi ya bi wuya.

Katanga ɗaya ta raba gidajensu a Madawa. Lai'atu ƴar coci ce, mijinta Irmiya yana wanki a asibitin mishan, ita kuwa Inna ba ta ajiye carbi sai za ta taɓa nono. A shekarar da darajar kuɗin sefa ta karye aka haifi Nasara, zazzaɓi ya ƙafar da nonon uwar. Tun daga nan cikin yarinya bai zauna ba: zawo da majina, wani lokaci har da jini. An sha allura, an sha ruwan gishiri da sukari. Sai da Inna ta fara ba ta kindirmonta kowace safiya aka ga ta ɗan yi kumari. Lokotoro ma, likitan asibitin, da ya ji, cewa ya yi a ci gaba. Nonon kasuwa kuwa, da ake sirkawa da ruwa da garin kuka, sau ɗaya aka gwada, aka kwana wanki.

Sirrin yana gindin wata baƙar ƙwarya. Inna ba ta taɓa wanke cikinta ba. Kullum takan rage ɗan tsohon nono, ta zuba dafaffiyar madara a kai, ta rufe. Shi take kira iri, kuma daga uwarta ta gada, can Buza.

"Inna, jikin hwa?"

"Jiki ya gaji, Lai'atu. Ki tahi da ludayin ga, ki taho da shi gobe, ni ba ni iya ɗaga shi kuma."

Goben ba ta same ta ba. Da hantsi aka kai ta.

Lai'atu ta yi kuka kamar uwarta ce, don uwa ce a gare ta. Tana cikin ɗaki wajen masu gaisuwa lokacin da Hindatu, ɗiyar marigayiya da ta zo daga Keita, ta tara mata suka fito da kayan ɗaki, kada baƙi su ga ƙazanta. Toka da yashi suka sa. Kafin Lai'atu ta fito, baƙar ƙwarya tana kife a rana, ta yi fes.

"Wa ya wanke wagga?"

"Ni," in ji Hindatu. "Inna ta tsuhwa, ba ta gani. Ki ji yamin da ke ciki kuwa?"

Me za ta ce wa mai makoki? Ta juya, ta koma gida. Ranar ta ji haushin mutuwa, ta ji haushin tsabta.

Kafin sadakar uku cikin Nasara ya sake ɓallewa. Idanu suka faɗa, kuka ya zama nishi. Irmiya ya karɓo magani, yana shiga yana fita. Lai'atu tana laluben tsumma a ƙarƙashin gado sai hannunta ya taɓa ludayin, wanda ta taho da shi ranar ƙarshe. Rikicin mutuwa bai bari an wanke shi ba. Nono ya bushe a cikinsa, ya yi ɓawo.

Ta sayo madara wajen Fulani, ta dafa, ta juye a ƙwaryarta, ta bari ta huce. Ta nutsa ludayin a ciki, ta rufe da faifai, ta lulluɓe da zane yadda ta ga Inna na yi.

"Wannan busasshen abu mi za shi yi?" Irmiya ya tambaya.

Ta tura ƙwaryar gefen ɗaki, ta koma wajen ɗiyarta.

Da safe, Nasara na bayanta tana numfashi sama-sama, ta ɗaga faifai. Ta karkata ƙwarya. Madara ba ta motsa ba. Ta lakato da yatsa ta ɗanɗana, ga yamin nan, shi ne sak.

Ta miƙe da sauri ta dafa katanga. "Inna, ya kama..."

A can tsakar gidan babu kowa, sai tabarmin makoki a naɗe, da baƙar ƙwarya a kife. Sannan ta kwanto ɗiyarta, ta zauna, ta matse mata kumatu.