Mitar Gas Ɗinmu da Kek Ɗin Goggo Ngiam

Yaya Rohaya ce ta ƙulla maganar, ni aka bar wa wahalar. Wani saurayi mai koriyar riga ya tare ta a bakin tashar jirgin ƙasa, ya cika ta da daɗin baki, ta yarda mu bar tsohon kamfanin gas mu koma nasu. Mai gidan da muke haya ya ce ba ruwansa, muddin ba a fasa masa bango ba. Tsohon kamfani ya ce yau zai rufe mana. Sabon kuma ya ce ba zai buɗe ba sai an tura masa hoton mitarmu kafin a tashi daga aiki. Ga shi daga gobe duk Singafo za ta tafi hutun sabuwar shekarar Sinawa.

"Ke Yani, in ba ki tura hoton nan ba, ɗanyar shinkafa za mu ci har hutu ya ƙare," in ji Yaya, tana sa takalmi za ta tafi aiki.

"Yaya, wace mitar ce tamu?"

"Ki tambayi maƙwabta mana. Ba don cin abinci kaɗai aka yi miki baki ba."

Ni kuwa tun da muka zo daga garinmu Batu Pahat, gaisuwata da maƙwabta ba ta wuce ɗaga kai ba. In na ji motsi a baranda, bayan ƙofa nake laɓewa har a wuce.

Mitocin hawanmu duk suna cikin wani akwatin ƙarfe a ƙarshen baranda, bayan tukwanen furannin maƙwabcinmu Kawu Selvam. Na janye tukwanen a hankali na buɗe. Ashe masu fentin bene sun bi lambobin gidajen sun shafe tas. Ga mitoci jere, kamar uwa ɗaya ta haife su.

Sai dabara ta zo mini. Na koma na kunna murhunmu, na ce wadda na ga tana juyawa ita ce tamu. Na dawo na tarar duka suna juyawa. Jajibirin biki, wa zai bar murhunsa a kashe?

Dabara ta biyu ta fi ta farko muni. Kowace mita tana da ɗan hannu ja a gefe. Na murɗe na sama, na ruga gida in ga ko wutarmu ta mutu. Tana nan tana ci abinta. Ina fitowa na ga maƙwabciyarmu Goggo Ngiam tsaye gaban akwatin, da ludayi a hannu.

Goggo Ngiam, in ta yi wa jikanta faɗa a hawa na tara, masu ajiye mota a ƙasa sukan ɗaga kai. Na shirya shan faɗa. Amma sai na ga tana murmushi, irin na wanda aka taka wa yatsa a gaban suruki. Nan na tuna: tun safe take turara kek ɗin sabuwar shekara, na garin shinkafa mai danƙo, kuma kowa ya san muddin yana kan wuta ba a faɗa, ba a zagi, in ba haka ba ya ƙi daskarewa, shekarar ma ta zo a karkace.

"'Yar albarka," ta ce, haƙora a datse, "wace mai farin jini ce ta kashe mini wuta?"

Na ɗaga yatsa. Ta mayar da ɗan hannun da kanta, ta shiga ta kunna, ta dawo da murmushin da ya fi na ɗazu faɗi.

Kawu Selvam ya leƙo da kofin shayi. Da ya gane abin da ake ciki, sai ya gyara zaninsa ya fito sosai.

"Ngiam, yau ranata ce. Tsintsiyarki da ta ɓata bara, ni na ɗauka. Kuma miyarki gishiri ya yi mata yawa."

"Ka yi tsawon rai, Selvam," ta ce, tana nuna shi da ludayin. "Ka daɗe, ka yi ƙarko, ka kai ƙarshen hutu da ƙafafunka biyu."

Ta juyo kaina. "Ke kuma, furen benenmu, me kike nema?"

Na faɗa mata, idona a kan silifas ɗinta. Sai da ta sa na maimaita, don ba ta ji ba.

"Shi ke nan? A kan wannan?" Ta ja dogon numfashi. "Kai, amma kin burge ni."

Ta bi ƙofofi tana ƙwanƙwasawa a hankali, tana roƙon kowa da ladabi ya ɗan kashe murhu. Mutanen da suka saba da ihunta, wannan ladabin ya fi ba su tsoro. Nan da nan baranda ta cika da mata da maza, wasu da cokali, wasu hannu duk gari, aka zuba wa akwati ido.

Mita ɗaya ce ke juyawa, ta Goggo.

"Taku fa?" in ji Kawu Selvam.

Sai a lokacin na tuna. Da na leƙa ɗazu na ga wuta tana ci ba komai a kai, na kashe, don Yaya ta hana ɓarna.

Kawu ya ƙware da shayi. Goggo Ngiam ta rufe ido, leɓɓanta suna motsi, ta ce, "Yarinya mai tattali. Mijinki ya dace."

Na ruga na kunna. Ban dawo ba na ji baranda ta ɗauki sowa. Ashe tamu ta can ƙasa ce, wadda gizo-gizo ya yi wa saƙa. Na fito da wayata, sai Goggo ta karɓe ta ɗauki hoton, na tura. Ba a jima ba amsa ta zo cewa sun gani, gas ɗinmu ba zai yanke ba.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Na gode, Goggo."

Ta shafa kumatuna da hannu mai ɗumi. "Gobe sabuwar shekara, ba a faɗa. Jibi ma haka. Amma hutu ƙarewa yake, 'yar albarka. Ke da wancan tsohon, kada wanda ya yi nisa."

Kawu Selvam ya ce shi dama yana da niyyar ziyartar ƙanwarsa a can garin Ipoh mai nisa. Ni kuwa na shige gida na ɗora shinkafa.