Kujerar Wakiliyar Ɗalibai

…na kuma gyaɗa kai. Me na gyaɗa wa kai? Wallahi ban ma ji abin da Farfesa ya ce ba. Kan ne ya saba, da an kalle shi sai ya sauka ya hau da kansa. An koya masa, ya kuwa iya.

Kina waje, Doguwa. Sun ce ki fita za su tattauna — ko a kore ki daga jami'a, ko a bar ki ki rubuta jarrabawarki ta ƙarshe. Ni kuma ga ni a ciki, can ƙarshen teburin kwamitin ladabtarwa, an ajiye min ɗan katako mai rubutun "Wakiliyar Ɗalibai" da gorar ruwa mai sanyi. Gorar ruwa! A zaman da ake yi saboda ruwa. In buɗe kunya, in ture rashin kunya. Na bar ta nan tana zufa a kan teburi.

Kwaɗon ƙofa ɗaya kika fasa. Ɗaya tak. Sati ya zagayo babu ɗigon ruwa a ɗakunan kwanan mata, banɗaki ba ya shiguwa, ana goge fuska da jiƙaƙƙen tsumma a tafi aji, mai riƙe da makullin ɗakin injin ruwa ya tafi hutu da makullin a aljihunsa… kika ɗauki dutse. To, gaskiya dai gaskiya ce, ba ki duba man injin ba kafin ki kunna shi. Ya ba mu ruwa yini guda ya ƙone. Kullum haka kike, hannunki ya riga kanki isa wuri. Amma ni ma da ruwan nan na yi wanka, da shi na wanke ɗankwalin da ke kaina yanzu.

"Lalata dukiyar jami'a," in ji mai kula da gine-gine. Ya faɗa ya sake faɗa, yana jin daɗin maganar a bakinsa. Shi da ya sallami mutuminsa hutu da makulli. Ba wanda ya tambaye shi wannan. Ni ya kamata in tambaya — zan tambaya, sai dai ba a katse mai magana. Wanda ƙwallo ke hannunsa shi ke da baki…

Ƙwallon nan. Ɗan jan ƙwallo mai laushi da muke jefa wa juna, ɗaki mai kafet da sanyin na'ura, kujeru a zagaye, Malama mai horar da mu tana magana a hankali kamar mai lallashin jariri. Shirin Horar da Shugabannin Ɗalibai. Kin tuna yadda na shiga? Ni da aka kira ofis bayan na hau kifaffen bokiti a bakin ƙofar jami'a ina ihu a kan wutar lantarki, har 'yan mata suka laƙaba min Lasifika. Na bar jakata a haɗe, na ce yau kam an kore ni. Sai ga shayi. Sai ga biskit a faranti. "Irinki muke nema," in ji wannan Farfesan dai, ta saman wannan tabarau ɗin dai. "Kina da wuta, za mu koya miki girki da ita."

Na dawo ɗaki na ce ba inda za ni. Ke kika ce in je. Ke! Kina zaune a gadon sama ƙafafun nan naki na lilo har suna neman ƙasa, kika ce, "Je ki, ƙawa, ki koyo mana yarensu. Ni bakina ba shi da birki. Ko ɗayarmu ce ta samu kujera a ciki, ranar da abu ya ɓaci a samu mai yi mana magana." Muka yi ta dariya, kika ce in dinga sato miki biskit.

To ga ranar ta zo. Ga kujerar. Ga yaren, na iya shi har mafarki nake yi da shi.

Kada in yi butulci, abin ya amfane ni. Ni da Yaya da ba ma zama ɗaki ɗaya ba a raba mu ba, yanzu shi ke kira yana neman shawarata. Asibitin ɗalibai da ake rufewa ranar Asabar, ni na sa aka buɗe — ba ihu, ba bokiti, zama na yi ta yi da su har suka gaji da ganina. Na daina rawar murya gaban manya. Na san inda ake ajiye hannu idan ana magana. Lokacin hutu Baba ya kalle ni ya ce wa Umma, "Yarinyar nan fa ta zama mutum." Na ji daɗi, har ɗaki na shiga na yi hawaye. Sai daga baya na zauna ina tambayar kaina, da can ni mece ce?

Da safe ma na koya miki. Na ce ki sunkuyar da kai, ki ce a yi haƙuri, ki bar min sauran. Kina goge min kwat ɗin nan kina cewa to, to, Malama Lasifika, an ji. Sai da kika tsaya a gabansu — "Na fasa. In aka sake rufewa zan sake fasawa." Innalillahi… Zuciyata ta yi tsalle don daɗi, fuskata ta nuna damuwa. Kika kalle ni kafin ki fita, kallon nan na "sauran naki ne".

Shugaban masu gadi ne ke magana yanzu. Wai in aka bar wannan, gobe wata ofishin jarrabawa za ta fasa. Wai a yi mata abin da zai zama izina. Izina… Babanki ya riga ya ɗinka miki kayan bikin yaye ku, kin nuna min hoton a waya, shi da kansa ya taka keken, ya ƙara tsawon hannu don ya san 'yarsa. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ji labarin za ki zama injiniya. Injiniyar da ba ta duba man inji ba — da a ɗaki muke, da na tsokane ki da wannan har ki jefe ni da filo. Bai ma san ana wannan zaman ba. Kin ce kada in faɗa masa.

"Wakiliyar ɗalibai, ko akwai abin cewa?"

Ni ce. Ƙwallo ya zo hannuna. Numfashi tukuna — a ja, a riƙe, a saki. A sassauta kafaɗa. A kalli kowa. A fara da yabo, a sa ƙorafi a tsakiya, a rufe da godiya, haka Malama ta ce, haka muka yi ta maimaitawa har ya zauna. Na ji bakina ya buɗe… ina yaba wa kwamiti da haƙurinsa. Na fahimci damuwar mai kula da gine-gine, inji ba abin wasa ba ne. Na fahimci damuwar shugaban masu gadi, doka doka ce. Ina maimaita musu maganarsu tsaf, har ta fi kyau a bakina, suna ta gyaɗa kai, ashe su ma nasu kan ya iya. Yanzu tsakiya. Yanzu ke. "Sai dai yana da kyau, idan hali ya yi, a ɗan duba yanayin da ɗalibai suka tsinci kansu a ciki." Shi ke nan? Duk tsawon nan naki, a cikin "a ɗan duba" na cusa ki? Ina makulli? Ina hutu? Ina warin banɗaki? Kafin in koma in ɗauko su baki ya riga ya gangara, yana godiya da wannan dama da aka ba ɗalibai.

"Madalla," in ji Farfesa. Ya juya wajen sakatariya. "Kin ji ko? Ɗalibai ma suna tare da kwamiti. Ga amfanin horo nan."

A'a.

A'a, ba haka na ce ba — a zuci nake faɗa. Ba a fara magana da a'a, yana sa mutum ya ja daga. A ce "na ji, kuma…" A ce "bari in ƙara a kan wannan…" In ƙara a kan me? A kan korarki? Ina laluben yadda ake ƙin abu ba tare da an ɓata wa kowa ba, akwai hanyar, mun yi ta a aji, har tafi aka yi min ranar… Biron sakatariya na ta tafiya.

Tsoro ne? Bari in duba da kyau. Da tsoro ne ai da sauƙi. Farfesa ne zai sa hannu a shaidar kammala shirin, haka ne, kuma hotona na manne a allon bakin ƙofa, a ƙarƙashin "Shugabannin Gobe". Amma ba shi ba ne, na lalubi cikina ban samu tsoro ba. Can inda fushi ke zama, inda da yake tafasa ya hau wuya ya fito ko ban shirya ba… an share, an goge, an jera kujeru a zagaye. Haushi kam ina ji, ina jin haushin kowa a ɗakin nan har da gorar ruwan. Sai dai haushi ne mai ladabi, ya harɗe hannu yana jiran a ba shi izini.

Lasifika, ina kike? Ke da mai gadi ya taɓa gudu ya bar miki takalminsa ɗaya. Hau teburin nan mana! Daki katakon nan!… Amma da ita ce ai ba za a ba ta kujerar ba. Da tana waje tare da ke, Doguwa, ku biyu kuna ta zuba, ba mai ji. To wa ya tsara abin haka? Da gangan suka yi? Malama ba muguwa ba ce, ranar da aka kwantar da Umma a asibiti ita ta kai ni a motarta, ta zauna da ni har likita ya fito. Ban ma san wanda zan tsana ba, shi ya fi ci min rai.

"Shawara ita ce kora. Akwai mai ja?" in ji Farfesa.

Akwai. Ni. Numfashi tukuna, ba a amsawa cikin zafin rai — a ja, a riƙe —

"Babu. An amince."

— a saki.

Kujeru na ja da baya. Shugaban masu gadi na duba wayarsa, mai gine-gine na miƙa yana hamma. Farfesa na tattara takardu yana ce min na yi magana irin ta manya, zai ambaci sunana a taron rufe shirin. Na ce na gode. Da kunnena na ji na ce na gode, ranka ya daɗe.

"Taimaka ki shigo mana da ita. Ke kin fi mu iya magana da su."

Da su…

Daga kujerata zuwa ƙofa ba nisa, amma kaina ya riga ya kama aiki ban sa shi ba. A fara da yabo — Doguwa, kin yi jarumta. A sa a tsakiya… me? Yaya ake sa wannan a tsakiya? A rufe da godiya — in gode miki da me, da kika tura ni? Ana iya ɗaukaka ƙara, ai akwai hanya, na san ofishin, na san lokacin da ake samun mai ofishin da daɗin rai. Zan rubuta, zan bi, zan zauna da su… ni ɗin nan dai. Da bakin nan dai.

Hannuna na kan mariƙin ƙofa. Ta ɗan gilashin ina hango ki a benci, kin cire takalmi ɗaya kina murza ƙafa, kin yafa mayafin nan da ba kya so don su ga kina da natsuwa. Kin ɗago. Kin gan ni. Ba ki tashi ba, ba ki tambaya ba — kin matsa gefe, kina share min wuri da tafin hannu, fuskarki ta washe don kin ga ni aka turo, ba mai gadi ba.

Ni ma murmushi nake yi. Ina jin sa a fuskata, ya zauna daidai yadda ake so… ban san ta inda ake cire shi ba.