Usur a Hannun Malama

Motar ɗaukar kaya ce ta shigo musu a mahaɗar da ke gaban gidan mai, ta daki gefen da Koci yake zaune riƙe da sitiyari. Ƙofar ta lotsa ciki, gilashi ya watse a cinyoyinsu kamar an zubar da gishiri. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama tun zamanin da take koyar da lissafi, ta samu ɗan yanka a goshi. Shi kuwa ko ƙwarzane ba a gani a jikinsa ba. Ta ƙofarta ya fito yana karkaɗe wando, har da zuwa ya dafa kafaɗar direban motar kayan, don mutumin ya tsugunna a bakin titi riƙe da kai.

Kafin ƙura ta lafa jama'a sun taru, kowa ya zama likita. Mai facin taya ya ce tunda ya fito da ƙafarsa ai magana ta ƙare. Wata mata ta ce ƙarfe ne ya ji jiki, sai godiya. Malama ta gode wa Allah, amma tana danne goshinta da gefen mayafi tana tuna cewa duk shekarun da ta yi tana duba takardun jarrabawa, ba ta taɓa ganin amsa ta zama daidai don kawai rabin aji sun rubuta ta ba.

Ta ɗauki hoton motocin biyu da wayarta, ta ce su wuce asibiti. Koci ya ce asibitin me? Gobe ƙungiyarsa za ta buga wasan ƙarshe, yau ne atisayen da ya rage, mutane suna can fili suna jiransa. Ya miƙa wa bakanike makulli, ya tsayar da tasi. Malama ta fasa zuwa kasuwar da ta yi niyya, ta shiga ta zauna kusa da shi.

Ƙungiyar ba ta ƙwararru ba ce. Magidanta ne masu sana'a, suna buga ƙwallo da sassafe kafin su buɗe shago. Golan mai walda ne. Dogo, mai tsaron baya, tela ne. Akwai kuma Mai Tausa, wanda gwiwa ta hana shi wasa, ya koma yawo da jakar ƙanƙara da kwalbar man zafi. Duk a hannun Koci suka tashi, kuma duk ciwon duniya magani ɗaya suka sani: a sa ƙanƙara, a murza, a tashi a taka. Haka ya koya musu, haka ya yi da 'ya'yansa na cikinsa, har da zazzaɓi.

Amma yana da wata doka guda, wadda Malama ta fi alfahari da ita fiye da kofunan da ke cin ƙura a kan kabad ɗin falo. Idan ɗan wasa ya yi mummunar faɗuwa, ba shi zai ce lafiyarsa ƙalau ba. Na bakin layi ne mai hukunci, idan ya busa usur sai a fito, babu gardama. Akwai shekarar da ya fitar da babban mai ci musu ƙwallo ana tsakiyar wasan kofi, don ya ga idanunsa ba sa tsayawa wuri ɗaya bayan an yi karo da kai. Aka cinye su. 'Yan kallo suka raka shi da zagi har ƙofar gida. Ya shigo ya ci abincinsa, har da neman ƙari.

Da suka iso filin, labari ya riga su. Gola ya ce motar kayan ya kamata a kai asibiti, tunda ita ce ta yi gangancin karo da Koci. Dogo ya ce shi dai a ba shi wandon ya duba ko ya yage, don shi ya ɗinka shi, kada a ɓata masa suna. Koci ya yi dariya, amma Malama ta lura dariyar ba ta kai ƙarshe ba, ya katse ta a tsakiya.

Mai Tausa ya ɗaga masa riga, ya latsa haƙarƙarin hagu, ya ce babu karaya, buguwa ce kawai. Ya ɗora ƙanƙara. Ya ce idan ya ɗan huta sai ya zagaya fili da sassarfa a hankali, don kada jini ya kwanta. Kowa ya ce haka ne. Koci ma ya ce haka ne, ai shi ya koya masa.

Malama tana kan benci tana kallo. Mutumin da yake yi wa 'yan wasa faɗa kan yawan shan ruwa ya shanye gora, ya nemi wata. Rana ba ta yi zafi ba, amma gumi yana tsiyaya daga gemunsa, leɓɓansa sun yi fari kamar ya lashi toka. Hannunsa na dama kuma sai komawa yake kan kafaɗar hagu, inda babu abin da ya taɓa shi. Ba ta san me wannan ke nufi ba, ba aikinta ba ne. Abin da ta sani shi ne lissafin bai fita ba: an daki haƙarƙari, kafaɗa tana ciwo.

Sai ya zauna. Tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya zauna ana atisaye ba, ko ranar da ya zo fili da ƙafa a naɗe.

Ya cire usur ɗin daga wuyansa ya ajiye tsakaninsu, don Mai Tausa ya samu ya shafa masa mai a kafaɗar kafin ya fara zagayen. Malama ta dubi usur ɗin. Igiyarsa ta yi baƙi, bakin duk shatin haƙora. Ta ɗauka ta busa. Ƙarar farko ta fito kamar kukan ɗan tsako. Ta cika ƙirji ta sake, sai filin gaba ɗaya ya tsaya, ƙwallo ta gangara ita kaɗai ta shige raga.

"Canji," ta ce. "Koci ya fita."

Aka kwashe da dariya. Gola ya ɗaga safar hannu ya ce, "To Mama, wa zai shiga?"

"Babu. Dogo, ajiye wasan nan, kira motar asibiti."

Dariyar ta ragu. Koci ya miƙo hannu, murya ƙasa-ƙasa. "Malama, ba ni abina. Kada ki ba ni kunya gaban mutanena. Lafiyata ƙalau."

"Haka mai cin ƙwallonka ya ce ranar da ka fitar da shi. Me ka ce masa?"

Ya kawar da kai gefe.

"Faɗa musu da bakinka, Maigida. Yau kai ne a ciki, ni ce a bakin layi."

Ya ɗaga kai ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda bai taɓa korar sa daga fili da wannan usur ɗin ba, wani yana kuka, wani yana rantsuwa. Malama ta san abin da yake aunawa: idan ya ƙi yau, gobe duk wanda kansa ya bugu zai ce shi ma ƙalau yake. Ta ga lokacin da ya gama aunawa. Ya gyara murya, ya ce da ƙarfin da ya rage masa, ɗan wasa ba ya duba kansa. Sannan ya zame ya kwanta a kan bencin.

Gola ya so a ciccibe shi a jefa bayan motarsa. Matar da ke magana da Dogo a waya ta ce kada a ɗaga shi, kada a murza, kada a ƙara ba shi ko kurɓin ruwa, a lulluɓe shi, suna kusa. Mai Tausa ya tsaya da kwalbar mai a buɗe, bai san inda zai kai ta ba. Malama ta karɓa ta rufe masa, ta ce ya cire rigarsa ta sama ya rufa wa Koci. Ya yi murna da samun abin yi.

A asibiti likitar ta goga na'urar hoto a cikinsa, ba ta daɗe tana kallo ba ta ce a shirya ɗakin tiyata. Ta gaya wa Malama saifarsa ce ta fashe, jini yana zuba a ciki tun daga bakin titi, ciwon kafaɗar ma daga can yake tasowa. Da ta ji batun zagaya fili da sassarfa, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta dubi Mai Tausa da ke raɓe jikin bango, ta fasa. 'Yan wasan suka jeru a baranda da takalmansu masu ƙusa, kowa ya naɗe hannun riga don ba da jini.

Wata nas ta zo ta ce Malama ma sai an ɗinke goshin, an kuma ɗauki hoton kanta. Malama ta fara cewa ita ai ba komai, ɗan yanka ne, lafiyarta... Dogo ya yi tari. Gola ya ɗaga ido yana duba rufin baranda. Ta haɗiye sauran maganar, ta gyara mayafi, ta bi nas ɗin kai a sama.

Washegari da yamma Koci ya farfaɗo sosai, robar ƙarin ruwa a hannu, bandeji a ciki. Abin da ya fara tambaya wasan ne. An cinye su. Gola ya ce laifin asibiti ne, sun zuƙe masa jinin da yake tsalle da shi. Koci ya so ya yi dariya, ɗinkin ya hana.

Ya juyo wurin Malama ya tambayi usur ɗinsa. Ta ce yana jakarta, kuma a can zai zauna sai ranar da likita ta ce a ba shi.

A gadon da ke kusa akwai wani dattijo da ƙafa a rataye, yana ta sauraro. Ya leƙo ya tambayi Koci ko wannan ita ce mai kula da ɗakin, don ya ga kowa yana shakkarta.

"Matata ce," in ji Koci. Ya ɗan ɗaga haɓa daga kan matashin. "Ita ta fitar da ni daga fili. A gaban 'yan wasana."

Malama ta ci gaba da ninke masa tawul kamar ba ta ji ba.