Kakin Kyandir a Rigar Baba

Tabon fari ne tas, faɗin tafin hannu, a ƙirjin shuɗiyar rigar marigayi. A tsakiyarsa ɗigon kakin kyandir yana nan daram, ko gezau bai yi ba.

Inna ta shimfiɗa rigar a kan teburin guga tana kallon autarta, malamar kimiyya, wadda ko jaka ba ta ajiye ba. Duk kayan mijin Inna an raba wa dangi, wannan kaɗai ta riƙe.

"Kakin nake so in fitar," in ji ta. "Babanku ne ya ɗiga shi garin neman tabarau, alhali suna kan goshinsa. Sabulu ya ƙi, sai na zuba bilic."

Auta ta haɗiye abin da ya zo bakinta. Inna ba ta son a yi mata karatu a ɗakinta, kowa ya san haka. Ta jona dutsen guga, ta ɗora farar takarda a kan kakin, ta danna. Da ta ɗaga, takardar ta shanye shi tsaf.

Fuskar Inna ta washe. "Kin gani! To, yi wa farin ma."

"Inna, wannan ba ya fita."

"Ƙara wuta mana."

"Kaki zama kawai ya yi a kan zaren. Ya narke, ya daskare, amma kaki ne dai. Bilic kuwa cinye launin ya yi, ya mayar da shi wani abu daban. Babu abin da za a cire, shuɗin ne babu."

"A rina fa?"

"Sai dai a rina duka. Za ta yi kyau, amma ba launin da Baba ya sa ba ne."

Inna ta zauna a bakin gado. Baƙin ciki ya cika ta, ga haushin hannunta. Ta daɗe tana shafa farin wurin da babban yatsa.

Auta ta naɗe wayar dutsen gugan, ta dunƙule takardar za ta jefa a kwandon shara.

"Tsaya," in ji Inna. "Kin ce kakin bai canja ba?"

"Bai canja ba."

"Shi ne dai wanda ya ɗiga daga hannunsa?"

"Shi ne, Inna."

Ta miƙa hannu ta karɓi takardar, ta warware ta a kan gwiwarta tana shafa ta a hankali don ta miƙe.

"Rigar ki kai wa mai rini," ta ce. "Wannan ki bar mini."