Allin Gidan Tordoff

Alwyn Tordoff ya ɗaga kofin gilashin saitin taga, ya jujjuya shi kamar yadda yake yi kowace safiyar Alhamis shekara talatin da ɗaya. Giyar ta fito tas, launin zuma, kumfa ta kwanta a kai kaurin yatsa. Ido dai bai ci amanarsa ba. Ya kai kofin hanci ya ja numfashi. Babu komai. Ya kurɓa, ya jujjuya ta a baki, ya haɗiye. Ruwan sanyi ne kawai mai ɗan ɗaci.

"Yaya, Oga? Ta yi?" in ji Des, direbansu, yana jingine da ƙofa da makullin mota a hannu.

"Ta yi."

Ya zaro alli daga aljihun rigar aikinsa, ya bi gangunan goma sha takwas ɗaya bayan ɗaya yana zana musu harafin T. A gidan nan ganga ba ta hawa mota sai mai gida ya ɗanɗana ya sa mata alli. Kakansa ne ya fara, kuma har yau masu mashaya goma sha ɗaya da ke kwarin nan namu ba sa fasa ganga sai sun leƙa sun ga allin. Mu nan in an ce giyar Tordoff, hancin Tordoff ake nufi.

To, hancin ya mutu wata huɗu ke nan, kuma Alwyn bai gaya wa kowa ba.

A watan Nuwamba ya gane. Ya farke sabon buhun furen hops da ake sa wa giya, wanda in an buɗe shi ƙamshin lemun tsami ke cika ɗakin har ya bi mutum gida a riga. Ya cusa fuska a ciki, sai ka ce buhun dusa. Ya ce wa kansa mura ce. Mura ba ta wata huɗu. Abin da ke tsinka masa zuciya shi ne ya taɓa ganin wannan hanyar. Mahaifinsa, Harold, haka ya fara: burodi na ƙonewa a gabansa yana zaune yana karanta jarida. Bayan shekara biyu hannu ya soma karkarwa. Bayan biyar sai an riƙe masa kofin shayi, Alwyn ne ma ke riƙewa. Makon jiya kuwa, a kan sitiyari, ƙaramin yatsan Alwyn na hagu ya yi ta rawa shi kaɗai. Ya danne shi da ɗaya hannun har ya iso gida, gumi na bin bayansa. Tsoro yake ji, tsoro irin na yaro.

Ya gama gangar ƙarshe ya nufi magudanar ruwa da ragowar kofin. Ita ma al'adar kakan ce, ragowa ta ƙasa ce. Amma shekara ashirin ƙasar ba ta samu ko ɗigo ba, don Des na nan.

"Haba Oga, zubar da giya alhaki ne. Miƙo nan, ni ne ƙasar."

Ya karɓe, ya kafa kai. Sai ya tsaya cak da kumatu cike. Ya dubi kofin, ya dubi Alwyn, ya tofar a magudanar.

"Kai! Wa ya jefa man shanu a ciki?"

Alwyn ya dubi gangunan. Warin man shanu a giya, wanda ya shiga sana'ar nan jiya ma ya san shi. Giya ce da aka yi wa gaggawa, yis bai gama aikinsa ba. Ga shi ya bi ganga goma sha takwas ya sa mata hannu.

"Bakinka ne," ya ce. "Me ka ci da safe?"

"Ƙwai da wake, abin da nake ci tun kafin ka yi furfura. Oga, wasa kake? Wannan ko tsohuwa Enid ta mashayar gada, da ke shan taba kamar bututun jirgi, sai ta jiyo shi daga titi."

Ana haka Bryony ta shigo, 'yar Alwyn tilo, matar Callum, wadda ke kula da tukwanen dahuwa. Ita da ke riga kowa zuwa, yau sai tara saura. Fuskarta ta yi fari fat, gashi ko tajewa ba ta yi ba.

"Yawwa, ga alƙali," in ji Des. "Ɗanɗana mana wannan."

Ba ta sha ba. Hanci kawai ta kai, ta kawar da kai da sauri tana toshe baki. Da ta samu numfashi sai idonta ya sauka kan gangunan, layi biyu, kowace da farin T. Ta daɗe tana kallonsu.

"Des, je ka duba tayar motar nan."

"Tayar lafiyarta ƙalau—" Ya dubi fuskarta. "Af, gaskiya ne, ta baya kamar ta yi ƙasa." Ya fita ya ja ƙofa.

Alwyn ya tura hannun hagu cikin aljihu. Ya shirya ƙarya uku, duk suka gudu.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Ni na sani tun Kirsimeti. Ka tsaya kusa da madarar da ta lalace kana zuba ta a shayi." Ta zauna kan wata ganga. "Tun daga nan nake zuwa ƙarfe shida ranar Alhamis. Ina ɗanɗanawa kafin ka zo. Sau biyu na mayar da giya ɗakin ɗumi don yis ya ƙarasa aiki, na ce maka famfo ne ya toshe."

Kunya ta rufe shi, fushi ya biyo baya. "Wato kin mayar da ni hoto. Ina ta zana alli kamar ɗan makaranta."

"Me kake so in yi? In an ambaci likita sai ka tashi ka bar ɗakin."

"Likita me ya yi wa kakanki?" Ya ji muryarsa ta fashe. "Ke ba ki riƙe masa kofi ba. Ni na riƙe. In sun faɗa mini sunan abin, shi ke nan, ya tabbata."

"In ba su faɗa ba fa, ya fasa?"

Ya kawar da kai. A aljihu yatsan ya soma rawarsa, yana jin sa a cinya.

"To yau me ya hana ki zuwa?" ya tambaya, don kawai ya kauce.

Ta sunkuyar da kai. "Amai. Kwana goma ke nan kullum da safe. Makon jiya da hanci kaɗai na duba, muka yi sa'a. Ba zan ƙara sha ba, Baba, sai bayan Satumba."

Ya tsaya yana kallonta kamar bai ji Turanci ba. Can ya ce, "Wata nawa?"

"Uku. Ni da Callum mun so mu gaya maka ranar Lahadi."

A waje Des yana ta harbin tayar da ƙafa yana fito. Alwyn ya ƙirga a zuci, Maris zuwa Satumba. Ya tuna ranar da aka haifi Bryony, aka miƙa wa Harold ita, tsohon ya dubi hannuwansa ya girgiza kai ya ce a ba wani. Har ya mutu bai ɗauke ta ba.

Ya zaro hannun daga aljihu ya shimfiɗa shi a kan ganga, a fili, inda za ta gani. Yatsan na bugun ƙarfen a hankali. Bryony ta gani, idonta ya kawo ruwa.

Ya jiƙa tsumma ya bi gangunan yana goge harafin, ɗaya bayan ɗaya, har goma sha takwas. Sannan ya buɗe ƙofa.

"Des! Bar tayar nan ta huta. A mayar da su ɗakin ɗumi, kwana huɗu. Ranar Litinin kai za ka fara kurɓa."

"Ni? Oga, shekara ashirin ina shan ragowa—"

"Shi ya sa."

Ya ajiye allin a kan taga, ya juyo ga 'yarsa.

"Ba ni wayarki. Tawa ba ta da lambar asibitin, na goge ta."